Yadda Ake Sayen Injin Haƙar Bitcoin a Ba da Shi Kiwo: Farashi, Mallaka da Sake Sayarwa

Injin haƙa na'ura ce da ke yin lissafi dare da rana, a biya mai ita da Bitcoin. Na farko da na saya, a gida na jona shi. Tsohon Antminer S9 ne, ɗan madaidaici, mutum zai iya ɗaukar sa da hannu ɗaya. Ina kunna shi a ɗakin soro ya ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, babu tsayawa, kafin la'asar ɗakin ya zama tanderu, mitar kati kuma tana zuƙe yunit ina kallo. Bayan mako biyu da na leƙa bayansa, ƙurar hunturu ta riga ta yi dabe a kan fankokin. Tun daga ranar na san wannan sana'a ba ta cikin gida ba ce.

Injinan yanzu ma sun fi wancan ci. Antminer S21 yana jan wat 3,500, wato yunit 84 ke nan a yini guda. A Najeriya, tun Afrilun 2024 masu layin Band A ke biyan sama da naira 200 a kowane yunit, ka ga kuɗin wutar inji ɗaya ya tasam ma naira 17,000 a kullum, abin da yake haƙowa kuwa sau da yawa bai kai haka ba. Janareto kam ba a ma zancensa. Shi ya sa mutane ke sayen injin su ajiye shi a wurin wani kamfani a ƙasar da wuta ke da araha, kamfanin ya ba shi wuta da iska da intanet, kai kuma kana biyan kuɗin wata. 'Yan harka suna kiran wannan hostin. Ni kiwo nake ce masa, domin bai da maraba da ba wa makiyayi saniya: taka ce, amma a hannun wani take kwana, kuma idan ba ka yi mata shaida ba, ranar da aka yi gardama ba ka da bakin magana.

Abu biyu nake so mu raba da wannan tun yanzu. Na farko shi ne mainin ɗin waya irin na Telegram, su Notcoin da Hamster Kombat da aka yi ta dannawa a 2024. Wannan rabon kyauta ne, babu inji a bayansa. Na biyu shi ne hayar ƙarfin haƙa, inda ake sayar maka da terahash kaza, wato ma'aunin ƙarfin haƙa, na shekara guda ba tare da an nuna maka wani inji da sunanka ba. A nan ne aka fi yi wa mutane ɓarna. Mutanen nan biyu 'yan ƙasar Istoniya da suka kafa HashFlare sun amsa laifin zamba a kotun Amurka a Fabrairun 2025, bayan sun karɓi sama da dala miliyan 500 a hannun jama'a kan ƙarfin haƙar da mafi yawansa babu shi. Abin da zan koya maka shi ne sayen inji na ƙarfe, mai lamba a jikinsa, wanda za ka iya sayarwa ko ka ɗauke.

Abubuwan da za ka tanada

Walet na Bitcoin, wato asusun ajiyarsa, wanda kalmomin sirrinsa 12 ko 24 ke hannunka, a rubuce a takarda. Idan kana da halin sayen na'urar ajiya irin Trezor ko Ledger, ya fi. Kada ka yi amfani da adireshin da kamfanin kiwo ya buɗe maka.

Asusu a ɗaya daga cikin dandalin gayyar masu haƙa, abin da ake kira ful. Inji ɗaya ba ya cin komai shi kaɗai, sai an haɗa ƙarfi a raba riba. Sanannu sun haɗa da F2Pool da ViaBTC da AntPool da Braiins Pool da Luxor. Buɗe asusun kyauta ne, kuma da imel ɗinka za ka buɗe, ba na dillali ba.

Takardar lissafi, ko Excel ko Google Sheets ko ma littafi da kalkuleta.

Fasfo ko katin shaida, don kamfanonin ƙwarai sukan nemi sanin abokin hulɗarsu.

Jari kashi uku: kuɗin inji, kuɗin ajiya da kamfani zai riƙe, da kuɗin wutar aƙalla wata uku a gefe. Duka a dala ake lissafa su, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin wutarka ya tashi. Kada ya zama kuɗin bashi, kada ya zama na cefane.

Sai wanda zai karanta maka yarjejeniya da Turanci irin na lauyoyi, idan kai ba ka saba ba. Mai tambayar matsayin harkar a addini kuma ya tambayi malaminsa tun kafin ya sa kuɗi, don malamai sun saɓa a kan kuɗin intanet.

Mataki na 1: Yi lissafin riba kafin ka nemi inji

Lambobi uku kawai kake bukata. Na farko ƙarfin injin, terahash nawa yake yi a daƙiƙa. Na biyu cin wutarsa, wanda ake rubutawa J/TH, wato jul nawa, ma'aunin wuta ke nan, yake ƙonewa a kan kowane terahash. Duk yadda wannan lamba ta yi ƙasa, injin ya fi kyau. S9 ɗina na 2016 yana kusa da 100. S19j Pro 29.5 ne, S19 XP 21.5, S21 kuma 17.5. Na uku shi ne kuɗin da fetahash ɗaya, wato terahash 1,000, ke samowa a yini. Shafin Hashrate Index na kamfanin Luxor yana nuna wannan kullum, kyauta. A 2021 ya haura dala 300. Tun bayan da aka rage ladan haƙa a Afrilun 2024, daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125 a kowane bulo, wato rukunin cinikin da masu haƙa ke rufewa, ya fi yawo a tsakanin dala 40 da 60 a 2024 da 2025. Ka duba na ranar da kake lissafi, kada ka ɗauki nawa.

Mu ɗauka dala 50 ne, kamfanin kiwo kuma yana cajin senti 7.5 a yunit. S21 mai terahash 200 zai samo dala 10 a yini. Cire kashi 2 cikin 100 na dandalin gayya, saura 9.80. Babu injin da ke aiki sa'a 24 kullum, saboda haka ka ɗauki kashi 95 cikin 100, saura 9.30. Wutarsa yunit 84 ne, dala 6.30, idan aka cire lokacin da bai yi aiki ba ta dawo kusan dala 6. Abin da ya rage maka dala 3.30 ne a yini, kimanin dala 100 a wata. Idan a kan dala 3,000 ka sayi injin, wata 30 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, muddin komai ya tsaya yadda yake. Kuma ba ya tsayawa.

Yanzu gwada S19j Pro mai terahash 104. Zai samo dala 5.20, wutarsa kuwa dala 5.50. Ko kyauta aka ba ka shi, asara kake yi kullum a wannan farashin wutar. Wannan shi ne tarkon da sababbi suka fi faɗawa, su ga inji a dala ɗari biyu ko uku su ce sun yi tsintuwa. Araha ba ta ado.

Ga gajeriyar hanya da nake bi. Ka ninka J/TH na injin sau 24, sai ka raba kuɗin fetahash na yini da abin da ya fito. Amsar ita ce farashin yunit da injin zai daina riba a kai. Na S21, 50 a raba da 420, kusan senti 12. Na S19 XP senti 9.7. Na S19j Pro senti 7. Tazarar da ke tsakanin wannan lamba da abin da kamfani ke cajinka ita ce numfashinka.

Sai ka sake lissafin sau biyu, da dala 40 da kuma dala 25. Dalili kuwa, duk bayan bulo 2,016, kimanin mako biyu, tsarin Bitcoin yana daidaita wahalar haƙa, kuma idan sababbin injina sun shigo rabonka raguwa yake yi. Sannan ana sa ran sake raba ladan biyu a 2028. A dala 25, S21 sai ya samu wuta ƙasa da senti 6 kafin ya tsira.

Gwaji na ƙarshe, wanda dillalai ba sa so a yi: kuɗin injin da na ajiya, Bitcoin nawa za su saya maka yau kai tsaye? Injin kuma nawa zai haƙo maka bayan an cire wuta a cikin shekara biyu, haɗe da abin da za ka samu idan ka sayar da shi? Idan na farko ya fi, ka sayi Bitcoin ɗin ka huta. Sau da yawa na yi wa mutane wannan lissafi muka tashi a kan kada su sayi inji, kuma ban taɓa yin nadamar faɗin haka ba.

Mataki na 2: Auna farashin injin

A wannan kasuwa ba a cewa inji nawa ne, cewa ake yi nawa ne terahash. Inji mai terahash 200 a dala 3,000, dala 15 ke nan kowane terahash. Da haka za ka kwatanta Antminer na Bitmain da Whatsminer na MicroBT da Avalon na Canaan, amma sai waɗanda cin wutarsu ya yi kusa da juna. Hashrate Index yana fitar da matsakaicin farashi na kowane aji, shafin Bitmain ma yana nuna farashin sabo. Ka nemi farashi a wuri uku aƙalla.

Farashin da kamfanin kiwo zai ba ka kusan kullum ya ɗara na kasuwar injina ta Shenzhen ko Hong Kong a ƙasar Sin, kuma akwai hujja: jigila, kuɗin kwastan, da kuɗin ɗora injin a kanta. Ka ce a rarrabe maka su ɗaya bayan ɗaya a rasit. Wasu kamfanoni suna karya farashin inji su fanshe a kuɗin wuta, wasu kuma su yi akasin haka. Hanyar gane gaskiya ita ce ka haɗa kuɗin inji da na wutar wata 24, ka kwatanta jimla da jimla.

Tambayi ko injin yana ƙasa a ɗakin ajiya ko kuwa na oda ne da za a kawo bayan wata uku. Na oda ya fi sauƙin kuɗi, amma cinikin biri a sama ne, kuma duk watan da ka yi kana jira wahalar haƙa tana iya hawa. Mai farawa ya sayi wanda ke ƙasa, ko ma wanda ya riga ya hau kanta yana aiki.

Idan kuɗinka bai kai sabo ba, na hannu ma yana yi, da sharaɗi. Ka nemi hoton allon injin da ke nuna faranti ukun da ke cikinsa, waɗanda su ne ke yin haƙar, duka suna aiki, da zafinsu, da tarihin ƙarfinsa na kwana 30. Ka tambayi ko an taɓa gyaran faranti, ko an taɓa sa masa manhajar da ke tura shi fiye da ƙarfinsa. Garantin Bitmain yawanci shekara guda ne daga ranar da injin ya bar hannunsu, ba daga ranar da ka saya ba, kuma za ka iya duba saura da lambar injin a shafinsu.

Mataki na 3: Zaɓi ƙasa da makiyayi

Wuta mai araha ba ita kaɗai ake dubawa ba, don gwamnati tana iya juya baya a dare ɗaya. A tsakiyar 2021 Sin ta haramta haƙa, aka yi ta kwashe injina zuwa Kazakistan da Amurka da Rasha. A Janairun 2022 aka katse intanet a Kazakistan lokacin tarzoma, daga baya aka yanke wa masu haƙa wuta. A Afrilun 2022 Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin BitRiver na Rasha takunkumi, sai Compass Mining, wanda ya ajiye injinan abokan cinikinsa a wurinsu a Saberiya, ya yanke hulɗa, injinan mutane suka maƙale a can. A Faraguwai, mai dogaro da madatsar Itaipu, kamfanin wutar gwamnati ya ƙara wa masu haƙa kuɗi a 2024. Habasha ta ja masu haƙa da yawa saboda babbar madatsarta ta kogin Nilu, amma a 2025 kamfanin wutar ƙasar ya dakatar da ba sababbi izini. A Tekzas kuma wuta na da sauƙi, sai dai a kan kashe injina a lokacin tsananin zafi ko sanyi don a bar wa gidaje.

Shi kansa kamfanin yana iya durƙushewa. Compute North ya shiga kotun fatara a Satumban 2022, Core Scientific ya bi baya a Disamban shekarar, kuma dukansu manya ne. Saboda haka tambaya ta farko da nake yi ita ce: ku ke da filin da yarjejeniyar wutar, ko ku ma haya kuke yi a wurin wani? Idan dillali ne a kan dillali, ranar da na sama ya samu matsala babu wanda zai amsa maka waya. Ka nemi adireshin wurin, ka duba shi a Google Maps, ka nemi a yi maka kiran bidiyo kai tsaye daga cikin rumbun. Ka nemi magana da wanda ya yi shekara yana hulɗa da su, musamman wanda ya taɓa fitar da injinsa daga wurin. Wanda bai taɓa fita ba bai san halinsu ba tukuna.

Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya a kowane wata, ko ya ce ka kawo mutane a ba ka kaso, ka rufe shafin. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025. Haƙa ba ta da riba tsayayya.

Mataki na 4: Karanta yarjejeniya layi-layi

A nan na fi so ka daɗe. Na taɓa sa hannu a wata yarjejeniya da wani kamfani, farashin wuta ya yi mini daɗi, ban tsaya a kan wani ɗan layi a shafi na shida ba, wanda ya ba su damar sauya farashi da sanarwar kwana 30. Wata huɗu da farawa imel ya shigo, an ƙara senti ɗaya da rabi. A ido ba wani abu ba ne, amma a inji mai cin yunit 2,500 a wata kusan dala 38 ne, fiye da sulusin ribar. Da na ce zan ɗauke injina sai aka nuna mini wani layin, wa'adin wata 12 bai cika ba. Haka na zauna ina biya.

Ga abin da za ka nema, kuma kowanne a rubuce:

Farashin yunit, tsayayye ne ko mai sauyawa? Idan mai sauyawa ne, ka nemi a rubuta cewa duk ranar da suka ƙara kana da damar fita ba tara. Ya haɗa da gadi da gyaran yau da kullum, ko akwai wani kuɗin kula na dabam?

Yaya ake auna wutar? Wasu da mita suke caji, wasu kuma da abin da aka rubuta a jikin injin, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Na biyun yana nufin za ka biya kuɗin wutar da ba ka sha ba. Idan haka tsarinsu yake, to a rubuta alkawarin kashi nawa na lokaci injin zai yi aiki, yawanci 95 cikin 100, da yadda za a rage maka idan an gaza. Ka lura ko sun cire lokacin kashe wuta na dole daga wannan alkawari.

Kuɗin ajiya, na wata nawa ne, kuma kwana nawa bayan fita ake mayarwa?

Gyara, wa ke biya, kuma za a tambaye ka kafin a taɓa injin? Faranti ɗaya idan ya mutu sulusin ƙarfin injin ya tafi. Injina ya taɓa yin mako bakwai a wurin gyara.

Jinkirin biya. Yawancin yarjejeniyoyi suna ba kamfani damar kashe injin, ko juya haƙarsa zuwa asusunsu, ko ma sayar da shi idan bashi ya kai wasu kwanaki. Ka san adadin kwanakin. Mu da tura kuɗi waje kan yi mana gardama, wannan layin ya shafe mu fiye da kowa.

Inshora. Gobara da ambaliya da sata, a wuyan wa suke? Galibi a wuyanka. Ka sani tun yanzu.

Fita da sayarwa. Nawa ne kuɗin sauke inji da ɗaure shi a kwali? Kwana nawa? Kana da damar sayar wa wanda ka ga dama, ya gaji gurbinka da farashin wutarka, ko dole sai ta kasuwarsu? Nawa suke cira? Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan layin tun ranar shiga ake gyara shi.

Sai kotun da za a je idan an saɓa. Gaskiya ita ce mai inji ɗaya ko biyu ba zai iya ɗaukar lauya a Dubai ko Tekzas ba, kuɗin shari'ar ya fi na injin. Kariyarka ta gaskiya ita ce gajeren wa'adi, ƙaramar ajiya, da farawa da inji ɗaya.

Mataki na 5: Kafa shaidar mallaka

Abu uku ke nuna inji naka ne, kuma sai sun haɗu.

Na farko rasit mai ɗauke da sunanka da samfurin injin da lambarsa ta masana'anta, wadda ke manne a jikinsa. Ka nemi hoton lambar a kan injin yana bisa kanta, da lambar gurbin da yake. Rasit da aka rubuta "S21 guda ɗaya" kawai ba shaida ba ce, kamar a ce maka kana da saniya a cikin garke ne ba a nuna maka wacce ba.

Na biyu layi a cikin yarjejeniya da ke cewa injin mallakarka ne, amana ce a hannunsu, ba za su jinginar da shi ba, kuma ba ya cikin kadarorinsu idan sun karye. Wannan layin ne zai raba ka da sahun masu bin bashi a kotun fatara.

Na uku, kuma shi na fi ba muhimmanci, injin ya riƙa haƙa kai tsaye zuwa asusunka na dandalin gayya, daga can kuma kuɗin ya wuce walet ɗinka. Kai za ka ba su adireshin dandalin da sunan ma'aikacin da ka zaɓa, wato sunan da injin zai bayyana da shi a dandalin, su shigar a injin. Kada ka ba su kalmar sirrin asusun, ba sa bukatarta. Cikin mintoci kaɗan za ka ga sunan ya bayyana, bayan yini guda ƙarfinsa ya daidaita kusa da terahash 200 idan S21 ne. Domin ka tabbatar ba lambobi ake zana maka ba, ka buɗe asusu a wani dandalin dabam ka ce a juya injin can na kwana ɗaya. Inji na gaske zai ɓace a nan ya ɓullo a can.

Akwai kamfanonin da ke tara haƙar a wurinsu, su cire kuɗin wuta su turo maka saura. Yana da sauƙi ga wanda biyan dala ke ba wuya, amma ka sani injinka da kuɗinka duka suna hannu ɗaya. Idan ba makawa sai haka, ka riƙa kwashe abinka duk mako.

Idan kuma haɗa kuɗi kuka yi da 'yan'uwa ko abokai, ku rubuta takarda a tsakaninku da shaidu: kason kowa, wanda sunansa ke rasit, wanda ke riƙe walet, da yadda za a yi idan ɗaya yana son fita ko ya rasu. Ka kuma bar wa iyalinka bayanin inda injin yake. Dukiyar da magada ba su san da ita ba, bashin wata biyu ya isa ya cinye ta.

Mataki na 6: Biya

Yawanci da USDT, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dala, ko Bitcoin ko ta banki ake biya. Kuɗin kirifto idan ya tafi ba ya dawowa, saboda haka ka tabbatar da adireshin ta hanya biyu, imel da kiran bidiyo, ka fara tura ɗan kaɗan. 'Yan damfara suna buɗe asusun Telegram da suna da hoton ma'aikatan kamfanoni, bambancin harafi ɗaya. Ka adana lambar kowace tura kuɗi tare da rasit.

Mataki na 7: Sa ido

Ka kunna saƙon gargaɗi a dandalin gayya don a sanar da kai idan injin ya tsaya. Duk ƙarshen wata ka kwatanta sa'o'in da ya yi aiki da abin da aka caje ka, ka kuma sake lissafin mataki na 1 da sababbin lambobi. Idan riba ta matse, ka tambaya ko za a rage wa injin gudu, ta tsarinsa na ƙaramin ci ko da manhaja irin Braiins OS. Ƙarfi zai ragu, amma cin wuta ya fi raguwa. Wannan yana amfani ne kawai idan da mita ake cajinka.

Mataki na 8: Sayarwa

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Injin haƙa ba fili ba ne, darajarsa zuba take yi. A 2021 injinan ajin S19 sun haura dala 100 a kan terahash, S19 Pro guda ya wuce dala 10,000. Kafin ƙarshen 2022 terahash ɗin ya dawo ƙasa da dala 20. Masu haƙar Ethereum, wani kuɗin kirifto dabam, da katin hoto na kwamfuta kuwa, a Satumban 2022 aka sauya tsarin gaba ɗaya, aikin nasu ya ƙare. Don haka ina rubuta sharaɗin fita tun ranar saye. Sharaɗina shi ne: idan tazarar da ke tsakanin farashin da injin ke daina riba da abin da nake biya ta dawo ƙasa da senti biyu, ko ya rage shekara guda a raba lada, zan sa shi a kasuwa.

Lokacin sayarwa shi ne lokacin da ba ka son sayarwa, wato sa'ad da Bitcoin ke hawa, injin yana kawo kuɗi, masu saye suna rububi. Idan ka jira har ya fara asara, kowa ma ya ga abin da ka gani. Haka nan duk sanda Bitmain ko MicroBT suka sanar da sabon samfuri, na baya yana sauka.

Ka fara da biyan duk bashin da ke kanka, don ba za a saki inji mai bashi ba. Ka tara rasit, da hoton lambar, da tarihin aiki na kwana 30, da takardun gyara, da sauran garanti. Ka sa farashi a kan terahash daidai da na ajinsa. Inji mai aiki a kan kanta, mai gurbi da wuta mai sauƙi, ya fi wanda ke kwali daraja, don mai saye zai fara samu a ranar, babu jigila babu kwastan. Wani lokaci ma gurbin ya fi injin tsada, kada ka bayar da shi kyauta.

Hanyoyi uku ne. Kasuwar kamfanin kiwon ta fi sauri, suna cire kasonsu. Dillali yana da amfani idan injinan da yawa. Sayar wa mutum kai tsaye ya fi kawo kuɗi, amma sai da amintaccen mai riƙe kuɗi a tsakani, abin da 'yan P2P ke kira eskiro. Tsarin shi ne mai saye ya ajiye kuɗi a wurin amintaccen, kamfani ya juya injin zuwa asusun mai saye, ya gani da idonsa na yini guda, kamfani ya aiko da takardar sauya suna mai ɗauke da lambar injin, sannan a sakar maka kuɗinka. Kada ka miƙa asusunka na dandalin gayya, shi ma ya buɗe nasa. Kuma ka faɗa masa aibin injin. Idan an taɓa sauya faranti, ka faɗa, ka nuna masa lissafin nan da na nuna maka.

Ka tabbatar takardar ta ce daga ranar kaza kuɗin wuta ya bar wuyanka, sannan ka bi kuɗin ajiyarka, ko kamfani ya mayar maka ko mai saye ya biya ka ya gaje shi. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, alhali wani lokaci ya kai rabin kuɗin tsohon inji.

Idan injin ya tsufa har ba mai so, kada ka yi wahalar kawo shi gida. Kimanin kilo 15 ne, jigilarsa ta jirgi da kwastan za su fi ƙarfin darajarsa, kuma ka riga ka ga abin da wutar gida za ta yi masa. Ka tambayi masu gyara da ke kusa da rumbun, suna sayen faranti da fanka da akwatin wuta ɗai-ɗai. In hakan bai samu ba, ka miƙa wa kamfanin shi a madadin kuɗin watan ƙarshe, su ba ka takarda cewa babu sauran bashi a tsakaninku.